Zauren Iyali: Laima ko Rigar Ruwa?

 Zancen da muka ɗauko a wannan karo, wani da jin sa zai ce bai kai a ɓata masa tawada ba, wato abin da ya kamata magidanci ko malamin makaranta ya tanada domin ruwan sama idan zai fita da yara yawon buɗe ido. To amma duk wanda ya lura zai ga cewa a 'yan shekarun nan lokutan fitarmu sun faɗo cikin damina. Babbar Sallah ta zo a watan Yuni a 2024 da 2025, bikin Damba kuma a watan Satumba a shekarun biyu, ga dogon hutun makaranta a watan Agusta, tsakiyar marka. A irin waɗannan ranaku ne ake cika mota da yara daga Bimbila ko Salaga ko Yendi a nufi gandun dajin Mole, ko magangarar ruwa ta Kintampo, mutanen Bawku kuma su bi ta Bolgatanga su je kallon kadojin Paga. Masu hali har Kumasi suke kaiwa, su shiga lambun shaƙatawa na Rattray da aka buɗe a 2015. Kuma kusan kowace tafiya sai an yi gardama a bakin mota: a ɗauki laima ne, ko a sayi rigar ruwa?

Kafin mu raba gardamar sai mu dubi irin ruwan da Allah ya ba mu a wannan yanki. Daminarmu ɗaya ce, ba kamar ta kudu ba da take zuwa sau biyu a shekara. Tana faɗuwa wajen Afrilu ko Mayu, ta yi ƙarfi a Agusta da Satumba, ta ɗauke a Oktoba, kuma abin da ake samu a ƙasashen Yendi da Bimbila yakan haura milimita 1,000 a shekara, na Bawku ya ɗan gaza haka. Abin da ya fi shafar zancenmu shi ne yadda ruwan yake zuwa. Na tsakiyar marka yakan zo a hankali, ya wuni yana zuba ba hayaniya. Na farkon damina da na ƙarshenta kuwa hadarin gabas ne: gari ya yi tsit da zafi, gabas ta yi baƙi ƙirin, sai iska mai ƙarfi ta riga ruwan isowa, ta kwashe rufin kwano, ta karya reshe, sa'an nan ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, da walƙiya da tsawa. Waɗannan ruwa biyu ba magani ɗaya suke so ba.

Kakanninmu sun san wannan. Fataken da suka riƙa zuwa Salaga sayen goro daga Kano da Katsina, kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar, da rani suke yawancin tafiyarsu, malafa ce a kansu saboda rana. Makiyayi da manomi, waɗanda ba su da zaɓi sai su kwana su tashi cikin ruwa, kabido suke yafawa, wanda ake saƙawa da kaba, ya rufe kai da baya ya bar hannu biyu a sake domin sanda ko fartanya. Laima kuwa ta sarakuna ce. Wanda ya taɓa halartar Damba a ƙofar fadar Gbewaa a Yendi ya ga manyan laimomin nan suna juyi bisa kawunan sarakuna, kuma ya ga cewa ba sarkin ne yake riƙe da ita ba, akwai wanda aikinsa ke nan. Mu talakawa da muka samu tamu ta kanti, mun samu laimar ba mu samu mai riƙe mana ita ba.

Ba raina ta muke yi ba. Laima tana da wuraren da babu kamarta. Ita ce take tare rana da yayyafi duka biyu, ga shi ba ta sa gumi. Dattijon da ya sha babbar riga ranar Sallah ba zai cusa ta cikin rigar roba ba, haka uwargidan da ta ci ado. Mace mai goyo kuwa, a ganinmu laima ce kawai ta dace da ita, domin lulluɓe jariri a baya da rigar roba hatsari ne: zafi yana taruwa a ciki, iska ba ta shiga, uwar kuma ba ta ganin fuskarsa. Babbar laima mai faɗi tana rufe su duka biyu, jaririn yana shaƙar iska.

Aibinta shi ne tana cinye hannu ɗaya. Uban da ya fita da yara uku, da jakar abinci, da gorar ruwa, da wane hannun zai riƙe ƙaramin idan za a tsallaka titi a Kintampo, inda manyan motocin Kumasi zuwa Tamale suke wucewa? A cikin cunkoso kuma tsinkayenta daidai idon wani suke, musamman idan yaro ne yake riƙe da ita yana waige-waige. Idan iskar gabas ta taso, ƙaramar laimar nan mai naɗewa da ake sayarwa a bakin tasha ba ta minti biyu sai ta kife ta koma kamar kwando, yaro ya sake ta, ta bi iska, shi kuma ya bi ta da gudu ba ya duban gabansa.

Sa'an nan yawancin wuraren da muke zuwa wuraren aiki da hannu ne. A Kintampo matakala ce mai yawa ake sauka zuwa gindin ruwan, ga santsi. A gandun dajin Kakum kusa da Cape Coast, inda makarantu suke son kai ɗalibai, gadar igiya ce da aka buɗe a 1995, tsawonta ya haura mita 300, tana lilo can bisa kawunan itatuwa, dole hannu biyu su kama igiya dama da hagu. A Mole, wanda shi ne gandun daji mafi girma a Ghana, da ƙafa ake bin ma'aikacin daji mai bindiga cikin ciyawa da sarƙaƙiya, ana so a yi shiru. Ba mu ga hikimar mutum ya buɗe laima farat ɗaya a gaban giwa ba. A Paga ma, wanda zai tsuguna ya kama wutsiyar kada a ɗauke shi hoto gara hankalinsa ya kasance kan kadan, ba kan laima ba. Haka abin yake a manyan wuraren wasa na ƙasashen waje. 'Yan'uwanmu da suke zaune a Faransa ko Amurka, waɗanda suka taɓa kai yara Disneyland ta kusa da Paris, da aka buɗe a 1992, ko Walt Disney World ta Florida, sun san cewa ba a hawa jiragen lilon nan masu gudu da laima a buɗe, shi ya sa da ruwa ya sauko sai ka ga jama'a sun yafa rigunan leda.

Saboda haka mu dai, ga yaro da kuma duk wanda zai riƙe yaro, rigar ruwa muka zaɓa. Tun 1823 wani mutumin Sikotlan mai suna Charles Macintosh ya yi rajistar dabarar manna roba tsakanin ƙyalle biyu, kuma har yau ciwon rigar bai canza ba: yadda take hana ruwa shiga haka take hana gumi fita. A zafin Bimbila mutum yakan cire ta ya tarar ya jiƙe daga ciki. Maganin wannan shi ne a sayi mai yalwa wadda iska take shiga ta ƙasa, a sa ta sai ruwa ya fara, a cire da ya tsaya. Ta yaro ta zama mai hula, mai launi mai haske kamar rawaya ko ja, domin a hango shi daga nesa cikin taro ko cikin duhun hadari, kuma kada ta wuce gwiwa sosai har ya riƙa taka ta. Ta gwanjo mai kauri ta fi sabuwa mai arha wadda take yagewa a hammata ranar farko. Idan an dawo gida a shanya ta a inuwa ta bushe sarai kafin a ninke, in ba haka ba fumfuna ta cinye ta kafin wata fitar.

Abu biyu muke roƙon iyaye su kiyaye. Na farko, ɗabi'ar nan ta huda babbar leda a zura wa yaro, ko a ɗaura masa baƙar leda a ka. Leda mai laushi tana manne wa hanci da baki idan ta jiƙe, ƙaramin yaro kuwa bai san ya janye ta ba. Na biyu, babur, wanda shi ne dokinmu a duk ƙasar nan. Laima a kan babur ganganci ne, iska tana fizgar ta, tana kuma tare wa mai tuƙi gani. Doguwar rigar ruwa mai jan ƙasa ita ma sarƙa ko wayoyin ƙafar baya suna iya kama ta, kamar yadda suke kama gefen zane ko dogon hijabi. Mai babur riga da wando na ruwa ya kamace shi, na bayansa kuma ya tattare duk abin da yake reto. Takalmi ma abin dubawa ne, domin silifa a kan jan taɓon hanyoyinmu ita ce take fara kayar da mutum. Rufaffen takalmi mai ƙasa mai kaushi ya fi.

Amma akwai ruwan da laima da riga duk ba su da abin cewa a kansa, kuma shi ne dalilin da ya sa muka ɗauko wannan zance. Ranar Lahadi 19 ga Maris 2017 hadari ya taso da iska a magangarar ruwa ta Kintampo, wata babbar itaciya ta karye daga sama ta faɗo kan masu wanka a gindin ruwan. Kusan mutum ashirin suka rasu, yawancinsu ɗaliban wata makarantar sakandare ta Wenchi da suka zo yawon buɗe ido, wasu da yawa suka ji rauni, aka rufe wurin na tsawon watanni. Watan Maris ne, ko damina ba ta zauna ba. Wannan shi ne hadarin farkon shekara da muka ambata, mai zuwa da iska a gaba. Haɗarin rigar ruwa a nan shi ne tana ba mutum ƙarfin hali: tunda ba ya jiƙewa sai ya ce a ci gaba da kallo, an riga an biya kuɗin mota da na shiga. Jiƙewa ba ta kashe mutum. Ko zazzaɓin da muke ɗora wa dukan ruwa, sauro ne yake kawo shi. Abin tsoro shi ne reshe, da kwanon da iska ta ɗauko, da rafin da ya cika farat ɗaya, da tsawa.

Game da tsawa, ga abin da masana yanayi suka tabbatar. Ƙara tana tafiyar kimanin kilomita 1 cikin daƙiƙa 3, saboda haka idan aka ga walƙiya aka ƙirga bai kai 30 ba aka ji cida, hadarin bai fi kilomita 10 daga inda ake ba, lokacin neman mafaka ya yi. Tsawa ta fi faɗa wa abin da ya fi tsawo a fili. Wanda ya tsaya a filin Idi ko bakin tafkin Paga ya ɗaga laima sama ya ƙara wa kansa tsawo ne, wanda kuma ya gudu gindin itaciya guda a tsakiyar fili, kamar yadda dukanmu muka saba, ya je inda ya fi ko'ina hatsari. Rumfar kasuwa marar bango ba mafaka ba ce, takalmin roba ma ba ya hana komai. Mafaka ita ce ginannen ɗaki, ko mota mai rufin ƙarfe a rufe gilasai. Babur mai ƙafa uku ba ya cikin lissafi. Duk wanda yake cikin ruwa ya fito nan take. Kuma ba a komawa fili sai an yi minti 30 da jin cida ta ƙarshe. Akwai masu cewa ba a taɓa wanda tsawa ta faɗa wa. Wannan ba gaskiya ba ne, jikinsa ba ya riƙe wuta, kuma sau da yawa taimakon gaggawa na danna ƙirji shi ne yake dawo da numfashinsa. A taimake shi, a kira lamba 112.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Jagoran tafiya, uba ne ko malami, ya saurari hasashen Hukumar Kula da Yanayi ta Ghana a rediyo tun daren jiya, ya tsara a isa da sassafe a juyo kafin la'asar, domin hadarin irin wannan ya fi tasowa da yamma. Da an isa wuri, kafin yara su watse, ya nuna musu ginin da za a taru idan gabas ta yi duhu, ya kuma roƙi direba kada ya kulle mota ya tafi cin abinci cikin gari. Mutanen Bawku da masu bin hanyar Bolgatanga su riƙa tambayar labarin madatsar ruwa ta Bagre a Burkina Faso, wadda ake yawan buɗewa a Agusta ko Satumba, ruwan Farin Volta ya cika ya malale gonaki da hanyoyi. A cikin jaka a sa wa kowane yaro kayan canji guda a ƙulle cikin leda, da tawul, domin ƙaramin yaro da ya jiƙe idan iskar mota ta buge shi na tsawon sa'o'i sanyi yana kama shi sosai. Laima babba guda ɗaya ta ishi iyali, ta mai goyo ce da tsohuwa, sauran kowa da rigarsa a ninke a saman jaka inda hannu zai kai da sauri.

Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba. Wassalam.