Me ke jiran sabon hafsan injiniyan soja da iyalansa a Maradun?

A kowace shekara Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta Najeriya, NDA, da ke Kaduna takan yaye sababbin hafsoshi, kuma daga cikinsu akan tura wasu rundunar injiniyoyin sojan ƙasa. Ga iyayen da ɗansu ya fito daga Maradun, ko Talata Mafara, ko Bakura a jihar Zamfara, ranar da aka maƙala masa anini ranar farin ciki ce, amma kuma mafarin wani sabon zullumi ne.

Yawancin mutane idan sun ji an ce injiniya, ofis da zanen gini ne ke zuwar musu a rai. To sai dai a aikin soja lamarin ba haka yake ba. Injiniyan soja mayaƙi ne da farko, kuma sau da yawa shi ke shiga gaba.

Karatu bai ƙare ba

Makarantar ta NDA, wadda aka kafa a 1964, takan ɗauki shekaru 5 tana horar da hafsan sojan ƙasa na kwas ɗin dindindin: 4 na karatun digiri, 1 kuma na zallar horon soja. Daga nan sai ya fito da muƙamin Laftana mai anini ɗaya.

Wanda aka tura ɓangaren injiniyoyi sai ya wuce makarantar injiniyoyin soja da ke Makurɗi a jihar Binuwai. A can ne zai koyi harhaɗa gada cikin gaggawa, da buɗe hanya a daji, da gina sansani da ramukan kariya, da samar wa dakaru ruwan sha, da kuma gano nakiyoyi da kwance su.

Bayan haka za a danƙa masa jagorancin rukunin sojoji, waɗanda wasu daga cikinsu sun girme shi, sun kuma riga shi ganin yaƙi. Hafsan da ya san ciwon kansa yakan saurari Sajan ɗinsa kafin ya ba da umarni.

Aikin ya sauya

A yaƙin da ake yi da Boko Haram, nakiyoyin da ake binnewa a hanya na daga cikin abubuwan da suka fi yi wa sojoji ɓarna. A watan Afrilun 2015, irin waɗannan nakiyoyi ne suka tilasta wa dakaru ja da baya a yunƙurinsu na kutsawa dajin Sambisa.

An daɗe ana ganin wannan matsala ce ta arewa maso gabas kawai. Amma a watan Disambar 2024 wasu abubuwa da aka binne sun fashe a kan hanyar Gusau zuwa Ɗansadau, kuma 'yan sandan Zamfara suka ɗora alhakin hakan a kan Lakurawa. Hakan ya faru ne watanni kaɗan bayan ƙaddamar da rundunar Fansan Yamma domin yaƙi da 'yan bindiga a arewa maso yamma.

Ma'anar wannan ita ce, duk ayarin da zai bi hanyar da ake shakka a kanta, sai injiniyoyi sun taka ta da ƙafa kafin motoci su wuce. A damina kuma, lokacin da rafuka ke cika, hanyoyin ƙauyuka su yanke, isar sojoji inda aka kai hari ta dogara ne a kan kwalbati ko gadar da injiniya ya kafa.

Mutanen Maradun ba baƙi ba ne ga aikin injiniyoyi. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, ta sauya noman yankin baki ɗaya. Amma har yau ba a manta da manoman da jami'an tsaro suka kashe a 1980 ba, lokacin da suke neman diyyar gonakinsu. Darasin da ke nan ga sabon hafsa shi ne, aikin da aka yi ba da yardar jama'a ba yakan bar tabon da ya fi siminti daɗewa.

Abin da iyali za su sa rai

Abu na farko shi ne, soja ba ya zaɓar wurin aiki. Ɗan Maradun na iya samun kansa a Borno, ko yankin Naija Delta, ko aikin kiyaye zaman lafiya a wata ƙasa, ya yi watanni bai ga gida ba. Kasancewar Bello Matawalle, wanda aka naɗa Ƙaramin Ministan Tsaro a 2023, ɗan garin ne, ba ta sauya wannan ƙa'ida ba.

Na biyu shi ne batun tsaron iyalin kansu. A yankin da aka sace ɗalibai 73 daga makarantar sakandaren Kaya a watan Satumbar 2021, makonni biyu bayan an kwashe wasu daga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, gidan da aka san yana da hafsan soja kan iya ɗaukar hankalin masu kai wa 'yan bindiga labari. Domin haka yaɗa hotunansa cikin kaki, ko bayyana ranar da zai zo hutu, ba ƙaramar kasada ba ce.

Na uku kuma shi ne kuɗi. Albashin ƙaramin hafsa tabbatacce ne, akwai gida a bariki idan an samu gurbi, da asibiti, da makarantun soja ga 'ya'ya. Sai dai bai kai yadda dangi ke zato ba, musamman inda rashin tsaro ya hana noma, kowa ya zuba ido a kan mai albashi.

Akwai kuma maganar da ba a son yi. Kowane soja yakan rubuta sunan wanda za a tuntuɓa idan ta Allah ta kasance, kuma ta hannunsa haƙƙoƙin mamacin ke fitowa. Idan ba a sabunta sunan bayan aure ko haihuwa ba, rabon gado bisa shari'a kan gamu da tsaiko da rigima. Zanga-zangar da tsofaffin sojoji suka yi a ma'aikatar kuɗi da ke Abuja a 2025 ta nuna cewa ko haƙƙin da doka ta tabbatar yakan yi jinkiri.

Duk da haka aikin na da makoma. Janar Olusegun Obasanjo daga wannan runduna ya fito, haka ma Laftanar Janar Azubuike Ihejirika, wanda ya shugabanci sojan ƙasa daga 2010 zuwa 2014. Wanda bai kai can ba ma yakan yi ritaya da sana'a a hannunsa.

Abin jira a gani shi ne ko hukumomi za su wadata waɗannan matasa da na'urorin gano nakiya da motoci masu sulke, ganin cewa barazanar da aka sani a Borno ta iso hanyoyin Zamfara.