Raunin da ba ya zubar da jini: wace ƙa'ida ke kare sojan da ya dawo gida Matamaye?

Tun ranar 6 ga watan Fabrairun 2015, lokacin da Boko Haram ta fara kai hari Bosso da Diffa, sojan Nijar bai ajiye bindiga ba. A watan Afrilun wannan shekarar aka kashe sojoji 46 a tsibirin Karamga. A Inates, ranar 10 ga Disambar 2019, an rasa 71. Wata guda bayan haka, a Cinagodar, 89. Waɗannan alƙaluma kowa ya san su, an yi zaman makoki a kansu, an sassauto tuta. Adadin da ba a karanta shi a rediyo shi ne na waɗanda suka tsira daga waɗannan wurare, suka ɗauki gawarwakin abokansu, daga baya suka yi ritaya ko aka sallame su, suka koma garuruwansu.

A ƙarshen 2020 ministan tsaro na lokacin, Issoufou Katambe, ya shaida wa majalisar dokoki cewa za a ninka yawan sojoji daga 25,000 zuwa 50,000 cikin shekaru biyar. Duk matashin da aka ɗauka yau, ɗan mazan jiya ne na gobe. Jahar Damagaram kuwa tana cikin masu yawan jama'a a ƙasar, kuma ita ce maƙwabciyar Diffa. Don haka tambayar ta shafi Matamaye da Kance da Magariya kai tsaye: in soja ya dawo da ƙafafunsa biyu da hannayensa biyu amma barci ya ƙaurace masa, wa ke da alhakin kula da shi, a ina, kuma bisa wane ma'auni?

Ciwon da ake magana a kansa sananne ne a wajen likitoci. Mutum ya ga mutuwa ido da ido, sai abin ya riƙa dawo masa a mafarki ko a farke, kamar yanzu yake faruwa. Ƙarar salansar babur ta sa shi zabura. Ya guji taro, ya guji hirar fagen daga, fushi ya zame masa kusa. In alamun suka wuce wata guda suna hana shi harkokinsa, likitoci na kiransa ciwon firgici na bayan tashin hankali. Wani lokaci ba ya bayyana sai bayan watanni, lokacin da mutum ya riga ya cire kaki. Sau da yawa kuma yana tafe da baƙin ciki mai tsanani da shaye-shaye, kuma a ƙasar da taramol da diyazefam ke yawo a tiren masu tallan magani, ba sai an yi nisa ba kafin a sami abin da zai kashe jiki na dare ɗaya.

A gida, ba da wannan suna ake kiransa ba. Za a ce iska ce ta shafe shi a daji, ko sammu aka yi masa, ko kuma a ce soja dama haka suke. Matarsa ce ke fara gani, ita ce kuma ke fara shan wuya. Kalmar taɓin hankali tana da nauyi ƙwarai: tana hana aure, tana zubar da girma, ga namijin da aka horar da shi a kan kada ya nuna rauni kuwa ta fi harsashi ciwo. Saboda haka shiru ake yi, a nufi wajen malam a yi rubutu da ruƙiyya, sai abin ya gagara a fara tunanin asibiti.

To asibitin ma ina yake? Sashen da ya fi suna a ƙasar shi ne Pavillon E na babban asibitin Yamai, wanda sunansa kaɗai ya zama abin tsokana a bakin jama'a. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne. Ga mutumin Matamaye, Kano ta fi kusa nesa ba kusa ba: ya bi ta Ɗan Barto ya shiga Daura, ya gangara asibitin Dawanau. Amma rufe iyakar da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, wanda ya kai har watan Maris na 2024, ya nuna cewa ba a gina lafiyar sojan ƙasa a kan asibitin wata ƙasa. Kuma takardar likitan Kano ba ita za ta buɗe masa haƙƙinsa a ofishin fansho na Yamai ba.

A nan ne maganar ƙa'ida ta shigo, kuma matakinta na farko na doka ne. Amurka ba ta sanya wannan ciwo a kundin cututtukan ƙwaƙwalwa ba sai 1980, bayan matsin lambar sojojin da suka dawo daga Biyetnam. Faransa, wadda tsarin sojanmu da na fanshonmu suka samo asali daga nata, ta fitar da dokar 10 ga Janairun 1992 wadda ta amince cewa ciwon ƙwaƙwalwa da yaƙi ya haddasa rauni ne, kuma ta tsara yadda za a auna shi don biyan diyya. Wannan ita ce gaɓar da komai ya rataya a kanta. Muddin kwamitin likitocin soja na auna yanke ƙafa da kaso amma ba shi da ma'auni bayyananne na firgici, wanda ya kamu zai fita a matsayin mai rashin ɗa'a ko mashayi, ya rasa aiki ya rasa diyya. Ya kamata a rubuta, baƙi a kan fari, wane likita ke da ikon tabbatar da ciwon, cikin wane wa'adi, kuma ina mutum zai ɗaukaka ƙara in an ƙi shi.

Tarihi ya isa ya sa mu yi hattara da alƙawarin baka. Kakanninmu da suka yi wa Faransa yaƙin duniya sun ga Thiaroye a ranar 1 ga Disambar 1944, inda aka buɗe wa sojojin Afirka wuta don sun nemi kuɗinsu. Sun ga dokar 1959 da ta daskarar da fanshonsu, ba a daidaita shi gaba ɗaya da na Faransawa ba sai 2011, lokacin da akasarinsu suna kushewa. Mun daɗe muna zargin Faransa a kan wannan, kuma da gaskiyarmu. Abin kunya ne a ce namu jikokin su zo su yi mana irin wannan lissafi.

Mataki na biyu shi ne lokacin da ake duba mutum. Daga 2009 sojan Faransa ya riƙa tsayar da masu dawowa daga Afganistan na 'yan kwanaki a tsibirin Kubrus kafin su isa gida, a duba su, a faɗa musu alamun da za su lura da su. Nijar ba ta da kuɗin otal a bakin teku, ba ta kuma bukatarsa. Barikin Damagaram ya isa a yi wannan zango ga masu fitowa daga Diffa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a sake dubawa bayan wata uku zuwa shida, da kuma ranar sallama, tunda ciwon kan yi jinkirin fitowa. Sai sirri: in abin da soja ya faɗa wa likita zai isa teburin kwamandansa washegari, babu wanda zai buɗe baki.

Sai ingancin maganin kansa, inda kyakkyawar niyya kan yi ɓarna. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorarta ta 2013, ta yi gargaɗi kan ba wanda bai daɗe da shiga tashin hankali ba magungunan kwantar da jiki irin su diyazefam, ta kuma daɗe da hana tara mutane a zama guda a tilasta musu amayar da abin da suka gani. Abin da ta yarda da shi shi ne jiyya ta hanyar zantawa mai tsari, zama bayan zama, a hannun wanda aka horar. Ƙa'idar ƙasa ita ce za ta hana kowace ƙungiya ta zo da taron kwana biyu a otal, ta raba riguna, ta rubuta a rahotonta cewa ta kula da sojoji ɗari.

Ƙarancin ƙwararru ba hujja ba ce ta naɗe hannu. Tun 2008 hukumar ta fito da shirin mhGAP, wanda aka yi shi takanas don ƙasashe irin namu: a horar da malaman asibiti da ƙananan likitoci su gane ciwon, su fara jiyya, su san lokacin turawa gaba. Akwai kuma wani tsari na zama biyar da wanda ba likita ba zai iya gudanarwa in ya sami horo da mai sa masa ido. Ma'ana, asibitin gundumar Matamaye da cibiyoyin CSI na karkara za su iya zama ƙofar farko, da Hausa, ba da Faransancin da rabin masu jinya ba sa iya bayyana ciwon zuciyarsu da shi ba. Tsofaffin sojoji da kansu za su fi kowa dacewa da wannan horo, domin soja ya fi sakin jiki da wanda ya taɓa kwana a rami.

Malamai fa? A ganina kuskure ne a tsara ƙa'idar da ta yi kamar ba su nan. Wajensu ake fara zuwa, kuma addu'a ba ta hana shan magani. Abin da ake bukata shi ne yarjejeniya a fili: ba ɗauri da mari, ba duka, kuma duk wanda ya fara maganar kashe kansa ko ya zama haɗari ga iyalinsa a kai shi asibiti a ranar. Iyalin ma a sa su cikin lissafi, domin matar soja da 'ya'yansa suna ɗauke da rabin kayan.

Akwai wani kwatanci da ke yi wa sojoji zafi, kuma gara a faɗe shi. Bayan tayin afuwa na Disambar 2016, an buɗe cibiyar Gudumariya inda tubabbun Boko Haram suka sami wa'azi da koyon sana'a kafin a mayar da su cikin jama'a. Shirin yana da hujjarsa, ya kuma fitar da mutane daga daji. Amma wanda ya yaƙe su yana da damar tambayar ina tasa cibiyar. Maƙwabciyarmu Najeriya, da ke fama da yaƙi iri ɗaya, ta sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958.

Saura kuɗi. Asusun FSSP da hukumomin CNSP suka kafa a Oktoban 2023 ana cire masa daga kiran waya da kuɗin mota da albashi, da sunan tallafa wa jami'an tsaro. Ɗan Matamaye na zuba nasa duk lokacin da ya sayi kati. Rage kuɗin jinya da rabi a asibitocin gwamnati tun Satumbar 2024 ya sauƙaƙa wani abu, amma bai biya kuɗin mota zuwa Damagaram duk wata ba, bai kuma sa magani a kantin asibitin gunduma ba. Ware wani kaso sananne na asusun don raunin ƙwaƙwalwa, tare da wallafa adadin waɗanda aka duba da waɗanda aka biya diyya a kowace jaha duk shekara, abu ne da ma'aikatar tsaro da ta lafiya za su iya sa wa hannu a takarda guda, ba tare da jiran kowane mai ba da agaji daga waje ba.