Janareta kamar ƙwayar gero: abin da Araba za ta saya da abin da za ta ƙera

Duk lokacin da aka rufe iyakar Illela, tsohuwar tambaya kan dawo bakin masu ilimi: me zai hana mu ƙera kayanmu da kanmu? An ji ta tsakanin Agustan 2019 da Disamban 2020, sa'ad da gwamnatin Buhari ta garƙame iyakokin ƙasa, aka sake jin ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Mutanen Araba, da ke bakin iyaka kusa da Birnin Ƙonni, sun fi kowa sanin abin da rufewar ke yi wa kasuwa da aljihu. Tambayar tana kan hanya, sai dai kowane kaya da irin amsar da ta dace da shi. Agogon hannu mai samar wa kansa wuta ma'auni ne mai kyau, domin a cikinsa akwai janareta na gaske, kuma tarihinsa ya nuna inda arha take fitowa.

Asalin aikin tsoho ne. Tun 1831 Michael Faraday ya nuna cewa idan maganaɗisu ya motsa kusa da naɗaɗɗiyar waya, wuta kan gudana a cikin wayar. Da wannan dabara babur ɗin ɗan kabu-kabu yake kunna fitilarsa, da ita janaretan mai shago yake aiki. Abin da kamfanin Seiko na Japan ya yi shi ne matse ta har ta shiga bayan agogo. Ya nuna samfurin farko a baje kolin Basel a 1986, ya fara sayarwa a 1988, daga baya aka san agogon da sunan Kinetic. A cikinsa akwai wani ƙarfe mai siffar rabin faifai da ke lilo duk lokacin da mai agogo ya motsa hannu. Jerin ƙananan faya-fayai masu haƙora suna ninka wannan lilo kusan sau 100, su miƙa shi ga maganaɗisun da faɗinsa bai kai milimita 3 ba, wanda kan iya juyawa har sau 100,000 a minti ɗaya. Wutar da ta fito sai a tara ta a ƙaramar ma'ajiya, ita kuma ta riƙa ciyar da agogon.

Abin da ya sa wannan ya yiwu shi ne ƙarancin cin agogon. Ɗan dutsen da ke ƙirga masa lokaci yana kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa, amma dukan injin yana shan wutar da ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin miliyan na wat ɗaya ba. A nan kuma matsalar kasuwancin take. Mai cin da bai fi haka ba, batir ɗan mitsitsi mai kama da maɓallin riga zai riƙe shi shekara biyu ko uku, kuma kuɗin batirin bai kai na kwanon abinci ba. Casio F-91W, wanda ya fito a 1989 kuma har yau ake ganinsa a hannun direba da ɗalibi da mai gadi, batirinsa kan kai shekara 7. Janaretan agogo yana gasa ne da abin da kusan kyauta ake samunsa. Ga shi kuma ma'ajiyar wutar tasa ita ma tana gajiya bayan wasu shekaru, dole a sauya ta, wato an gudu ba a tsira ba. Har a Japan ɗin, ƙaramin faifan hasken rana da ake ɓoyewa ƙarƙashin fuskar agogo, irin wanda Citizen ya yaɗa da sunan Eco-Drive tun tsakiyar shekarun 1990, shi ya fi karɓuwa, saboda babu abin da ke juyawa a cikinsa balle ya ci kansa.

Idan aka ƙanƙanta inji, kuɗin ƙarfe da waya kan ragu har ya zama ba abin lissafi ba, kuɗin daidaito kuwa ya hau. Wayar kwayil ɗin ta fi gashin kai siriri, kuma inji ne ke naɗa ta sau dubbai ba tare da ta tsinke ba. Kuskuren da ido ba ya gani a haƙorin faifai ya isa ya tsayar da agogo. Ƙura ɗaya ta hunturu, irin wadda ke shiga ko'ina a Sakkwato, ta isa ta lalata aikin yini. Maganaɗisu mai ƙarfi a wannan girma daga ma'adinai irin su samariyom da niyodimiyom ake yin sa, kuma mafi yawan tace su a ƙasar Sin ake yi. A Afrilun 2025 ma Sin ta sanya sharuɗɗan fitar da wasu daga cikinsu. Injinan da ke wannan aiki suna da tsadar da ba ta narkewa sai an raba ta kan miliyoyin agogo. Haka Swatch ya ceto masana'antar Suwizalan a 1983: ya rage sassan agogo daga 91 zuwa 51, ya bar wa injina harhaɗawa, ya sayar da yawa. Ƙaramin injin Miyota 2035, wanda ke cikin agoguna masu arha barkatai, an ƙera fiye da biliyan ɗaya nasa. Wanda zai kafa masana'anta yau don ya yi dubu goma a shekara da wannan zai kara.

Kishin ƙasa ma ba ya cike wannan giɓi. Indiya ta fara ƙera agogon HMT a 1961 da taimakon Citizen, ta kare shi da dokar shigo da kaya, ya yi zamaninsa, amma ya makara wajen komawa ga agogon batir, aka rufe sashen a 2016. Indiya kuwa tana da kasuwar da Najeriya da Nijar haɗe ba su kusa da ita.

To, me ya rage wa gari irin Araba? Abu biyu, kuma dukansu suna kusa da hannu.

Na farko, janaretan da ya dace da yankin yana da girman da hannu zai iya riƙewa. Kwayil ɗin babur, injin niƙa, fanka, famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana da manoman albasa na rani suke komawa gare shi tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023: duk maganaɗisu ne da waya, kuma a wannan girma makaniki mai haƙuri yana iya naɗa kwayil da hannu, ya gwada, ya gyara. A nan arhar ƙwadago tana da tasiri, kuma mai saye yana maƙwabtaka. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da cibiyar binciken makamashi tun shekarun 1980, akwai kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. Da a ce abin da ake kashewa a bukukuwan ƙaddamar da masana'antun takarda an sa shi wajen horar da masu naɗin kwayil da ba su na'urar awo mai kyau, da famfon da ya ƙone a fadama ba zai jira sabo daga Kano ko Legas ba.

Na biyu yana jikin agogon kansa, amma a waje. Injin ciki shi ne ɓangaren da ya fi arha a yawancin agoguna. Riba tana cikin gida da maɗauri da suna. Jar akuyar Sakkwato, da 'yar'uwarta ta Maraɗi, ita ce asalin fatar da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, domin ta can ayarin Sahara ke kai musu ita. Wannan akuya tana shiga kasuwar dabbobi ta Illela kowane mako, fatarta kuma galibi ta bar yankin ba tare da an mai da ita kayan da aka gama ba. Maɗaurin agogo ɗan yanki ne da bai kai tafin hannu ba, ba shi da nauyi a mota, ba ya ruɓewa idan an tsare kaya a shinge, kuma masu agogo masu tsada suna sauya shi akai-akai. Dukawa sun iya ɗinki, majema sun iya jima da bagaruwa. Abin da kasuwar waje za ta nema ƙari a kai sananne ne: faɗi daidai na milimita 18 ko 20 ko 22, rinin da ba ya zuba idan gumi ya taɓa shi, kauri iri ɗaya daga na farko har na ɗari. Cibiyar fasahar fata da ke Samaru a Zariya an kafa ta ne don irin wannan aiki, kuma kayan yankan da ake bukata za su shiga ɗaki ɗaya a Araba.