Tara Ba Ta Tsorata Mai Dafa Guba

Tun da Majalisar Dattawa ta amince da hukuncin kisa ga manyan masu harkar ƙwaya a watan Mayun 2024, duk majalisar da aka zauna a Fadan Kaje ko kasuwar Zonkwa sai ka ji ana cewa a kashe su kawai a huta. Daga baya majalisun biyu suka sauko suka tsaya a kan ɗaurin rai da rai, wasu suka ce an ci amanarmu. Ni kuwa na ce ana kallon kura a sama, alhali tana cikin garke.

An taɓa gwada kisan nan ai. A watan Afrilun 1985, zamanin mulkin soja na Buhari, an harbe mutum uku a Legas saboda hodar iblis. 'Yan ɗauko ne. Masu kayan ba wanda ya ga ƙeyarsu, kuma kasuwar ba ta tashi ba.

Dokar NDLEA, hukumar da aka kafa tun 1989, ta riga ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai sarrafa irin su hodar iblis. To ina matsalar take? Tana cikin kotu. A 2016 aka gano wata katafariyar ma'aikatar dafa ƙwayar nan da yara ke kira ais a Asaba, jihar Delta, har da mutum huɗu 'yan ƙasar Meziko da aka ɗauko musamman don aikin. Shari'a ta yi ta jan ƙafa sai ƙarshen 2022, aka yi yarjejeniyar amsa laifi, kowa ya tashi da shekara goma. Shekara goma, a kan masana'anta sukutum! Wasu shari'o'in ma sun fi wannan ban takaici, don alƙali kan yanke ɗauri sannan ya ƙara da zaɓin biyan tara. Shi kansa shugaban hukumar, Janar Buba Marwa, ya sha kokawa da wannan zaɓi.

Ku bar ni in yi magana a matsayin ɗan kasuwa. Idan na saro citta a Kafanchan zan kai Kano, kafin mota ta tashi na riga na lissafa kuɗin lodi, kuɗin direba, da abin da za a bari a shingen hanya. Duk suna cikin farashin buhu. Mai dafa guba shi ma haka yake lissafi. Tarar miliyan kaza a wurinsa kuɗin shinge ce, ya ware ta tun kafin ya ɗora tukunya, kuma a jikin yaranmu zai fanshe. Abin da ba zai iya sakawa a farashi ba shi ne shekarunsa da gidajensa. Saboda haka a rufe ƙofar tara ga mai sarrafawa da babban dila, a ƙwace dukiyar, a yi shari'ar cikin watanni. Wannan ya fi harsashin da ƙarshe a ƙirjin ɗan aike zai sauka.

Yanzu dubi ɗaya gefen. Yaron da aka kama da katin tramol biyu ko ƙullin wiwi, ba lauya, ba mai tsaya masa, sai ya share watanni a tsare kafin a kira sunansa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗe mu cewa abin da ya halaka mutanen da suka gabata shi ne ƙyale mai daraja idan ya yi sata, a hukunta mai rauni. Kuma da ya la'anci mutum goma a kan giya, mai matsa ta yana cikinsu, ba mashayi kaɗai ba.

Kada wani ya ce Asaba da nisa. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 ke ta'ammali da ƙwaya, kuma a shekarar ne aka haramta maganin tari mai kodin bayan rahoton BBC. Kayan nan mota ke kawo su har bakin tasharmu. Mu kuwa da muka ga 1992 a Zangon Kataf, muka ga 2011 a Zonkwa da Kafanchan, mun san abin da hatsaniyar matasa biyu ke iya jawo wa unguwa guda. Yaron da ya bugu ba ya tuna maƙwabtaka da Bajju, ba ya tuna alkawarin da dattawa suka ɗauka.

Sannan mu ma a nan muna da tamu tarar. Da an kama mai kemis ɗin da kowa ya san abin da yake miƙawa ta ƙarƙashin kanta, kafin la'asar an haɗa kuɗi, an nemo dattijo da babbar riga ya je beli, wai ɗan gida ne kada a tona asiri. Asirin wa? Uwar da ɗanta ke kwana a kwalbati ita ma 'yar gida ce.

Ni dai na faɗa a masallaci, ina kuma rubutawa a nan: kada a sake aiko mini in raka kowa neman belin mai sayar da ƙwaya. Duk ɗan takarar Majalisar Tarayya da ya shigo unguwar nan neman ƙuri'a kuma, kafin ya sauke buhun shinkafa a tambaye shi matsayinsa kan zaɓin tara, ya amsa a gaban jama'a.