Wai Yawan Hannu Ne Ya Sa LibreOffice Nauyi?

Akwai wata magana da muke yawan ji a bakin wasu 'yan uwanmu marubuta. Sai mutum ya buɗe LibreOffice a kwamfutarsa 'yar gwanjo, ta ɗan yi nawa, nan take ya yanke hukunci: ai abin kyauta ne, kowa da kowa ke sa masa hannu, da a ce kamfani ɗaya ne ke riƙe da shi da bai yi wannan nauyi ba. To, mu dai ba mu yarda ba, kuma tarihin abin ma bai yarda ba.

An gwada hannu ɗayan ai. Asalin manhajar StarOffice ce, ta wani kamfani a Jamus. Kamfanin Sun ya saye shi a 1999, ya saki asirin ginin manhajar ga jama'a a 2000 da sunan OpenOffice. Amma linzami na hannun Sun. Duk wanda ya kawo gyara sai ya sa hannu a takardar ba kamfanin haƙƙin aikinsa, wasu gyare-gyaren kuma a bar su suna jiran tsammani. Da Oracle ya haɗiye Sun a 2010, sai masu aikin sa-kai suka ga ba za su zauna jiran gawon shanu ba, suka ɓalle suka fara LibreOffice. A 2011 Oracle ya miƙa OpenOffice ga gidauniyar Apache, IBM ya ɗan tallafa, shi ma ya janye. Me ya biyo baya? A 2015 aka gano wata ɓaraka ta tsaro da ta yi watanni ba a toshe ba, a 2016 kuma shugaban aikin da kansa ya kawo zancen ko a rufe shi, don masu gyara sun yi ƙaranci.

Ita kuwa LibreOffice, SUSE ya rage hannu a 2013, ma'aikatansa suka koma Collabora suka ci gaba. Red Hat ya ja baya a 2023, gini bai rushe ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wannan ko yaro ya sani.

Nauyin fa? Daga girman aikin yake. Manhaja ɗaya ce ake so ta yi rubutu, ta yi lissafi, ta buɗe takardun Microsoft na da da na yanzu ba tare da ta wargaza shafi ba, ta yi aiki a Windows da Mac da Linux, cikin harsuna fiye da 100. Ga tsohon gado na miliyoyin layuka, wanda har bayanan da magina na farko suka bari a ciki da Jamusanci sai da aka shekara da shekaru ana fassarawa.

Inda muke da ƙorafi na gaskiya daban ne, kuma ba za mu ɓoye ba. A 2025 LibreOffice ta daina aiki da Windows 7 a sabon fitowarta. Wa abin ya fi shafa? Mu masu tsofaffin injuna. Kamfanonin da ke biyan albashin manyan masu gyara akasarinsu a Turai suke, kuma kukan wanda ya biya suke fara ji. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus da ta yanke shawara a 2024 za ta mayar da kwamfutoci 30,000 kan LibreOffice, in ta yi tari za a ji. Marubucin da batirinsa ke ƙarewa kafin shafi ya buɗe, wa ya san da shi? Ashe hannuwan ba yawa suka yi ba, kaɗan suka yi, don babu namu a ciki.

Kada wani ya ce mu ba injiniyoyi ba ne. Kai rahoton matsala ba ya buƙatar digiri: ka faɗi irin injinka, da girman littafin, da inda ya maƙale. Fassara kalmomin allo zuwa Hausa aikin wa ne in ba namu ba? Jerin kalmomin da mai duba rubutu zai dogara da shi, ya bambance ƙasa da kasa, ɗaki da daki, ba Bajamushe ne zai tattara mana ba. Muna kira ga kowane reshe ya sa wannan batu cikin ajandar taronsa na gaba, a fitar da mutum biyu ko uku su fara da jerin kalmomin, daga littattafan da mambobi suka riga suka buga.