Hannun Jari da Kuɗin Bashi: Darasin 2008 da Aka Fara Mantawa

A ranar 5 ga Maris, 2008, ma'aunin kasuwar hannun jari ta Najeriya ya kai maki 66,371, matsayin da bai taɓa takawa ba kafin nan, darajar kasuwar kuma ta haura naira tiriliyan 12. Zuwa ƙarshen 2009 ma'aunin ya gangaro ƙasa da maki 21,000, wato fiye da kashi biyu cikin uku na dukiyar da mutane ke lissafawa a takarda ta salwanta. Cikin waɗanda abin ya rutsa da su akwai malaman makaranta, 'yan fansho da ƙananan 'yan kasuwa da suka bi layi a bankuna suna cike fom, saboda an ce musu kuɗi na ninkuwa cikin 'yan watanni.

An saba ɗora laifin a kan rikicin kuɗi na Amurka. Gaskiya ne masu jari na ƙetare sun kwashe kuɗinsu, gangar ɗanyen mai kuma ta faɗo daga dala 147 a Yuli zuwa ƙasa da dala 40 a Disambar 2008. Sai dai kasuwarmu ta fara zamewa tun watanni shida kafin bankin Lehman Brothers ya rushe a Satumba. Ciwon daga cikin gida ya soma. A 2004 Babban Bankin Najeriya ƙarƙashin Charles Soludo ya ɗaga jarin da ake buƙata daga kowane banki zuwa naira biliyan 25, bankuna 89 suka haɗe suka koma 25. Suka yi ta sayar wa jama'a hannun jari, suka tara kuɗin da ya fi ƙarfin ayyukan da ke gabansu, sannan suka shiga bai wa mutane bashi don su sayi hannun jari, jinginar kuwa ita ce hannun jarin da aka saya.

Nan haɗarin yake. Ɗan kasuwar da ya tara masara da kaka da kuɗinsa zai iya rufe sito ya jira bazara idan farashi ya karye. Wanda ya tara da bashi kuwa mai kuɗi ne zai sa masa ranar sayarwa. Da farashi ya sauka, darajar jingina ta sauka, banki ya ce a ciko kuɗi ko ya sayar. Sayarwar ta ƙara karya farashi, ta jefa wasu masu bashin cikin hali ɗaya. A Agustan 2009 gwamnan Babban Banki na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, Oceanic da Intercontinental da Afribank da Union da Finbank, aka zuba musu naira biliyan 420. A 2010 aka kafa hukumar AMCON don ta sayi basussukan da suka maƙale. An tsare kuɗin masu ajiya, amma masu hannun jari a wasu bankunan sun tashi a tutar babu.

Masu ba da shawara kan ce a yi haƙuri, kasuwa na dawowa. Ta dawo, amma sai a Agustan 2023 ma'aunin ya sake wuce matsayinsa na 2008. Shekara 15 ke nan, kuma a tsakani dala ta tashi daga kimanin naira 118 zuwa sama da 700. Wanda ya saya a ƙololuwa ya ga lambarsa ta dawo, ƙarfin sayen kuɗin bai dawo ba.

Karayar tattalin arziki ta 2016 ta nuna wani haɗarin. Gangar ɗanyen mai ta faɗi ƙasa da dala 30 a Janairu, tattalin arzikin ƙasa ya ragu da kashi 1.6 cikin 100 a shekarar, hauhawar farashi ta wuce kashi 18. Wanda ya ajiye kuɗi a banki yana kallon su suna zagwanyewa, wanda ya ƙone a 2008 kuma ya daina yarda da kasuwa. Cikin wannan ƙunci kafar zuba jarin bogi ta MMM ta yaɗu da alkawarin ribar kashi 30 a wata, ta rufe asusun mutane a Disamba. Rushewar wata irinta, CBEX, a Afrilun 2025 ta tabbatar cewa matsi na ci gaba da tura jama'a hannun 'yan damfara.

Abin da ya sa wannan tarihi ya zama na yau shi ne alamomin da ke maimaituwa. A Janairun 2024 ma'aunin ya ƙetare maki 100,000. A Maris ɗin shekarar Babban Banki ya umarci manyan bankuna su kai jarinsu naira biliyan 500, suka sake fitowa neman kuɗin jama'a. Yanzu ba a bin layi, da waya ake saye. Wani ɓangare na tashin ma faɗuwar naira ce kawai, domin hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024. An tsaurara dokar bashin sayen hannun jari bayan 2008, amma babu hukumar da ke ganin ma'aikacin da ya ci bashin albashi ko na ƙungiyar gama-kai, ko ya kwashi adashi, ya zuba a kasuwa. Kuɗin shiga na ƙetare kuma har yanzu a kan mai ya rataya.

Ba wanda ya san ranar faɗuwa ta gaba, amma an san wanda take fara kamawa: mai bashi, da wanda ya zuba kuɗin haya ko na makarantar yara. Mai son shiga ya ware na cefanen watanni tukun, ya saka abin da zai iya mantawa da shi shekaru, ya raba tsakanin kamfanoni da wasu kadarori, irin sukuk ɗin gwamnatin tarayya da aka fara a 2017 ga masu gudun kuɗin ruwa. Ya kuma duba rajistar dillalinsa a hukumar SEC mai sa ido kan kasuwar hannun jari. Ita ma hukumar, tare da Babban Banki, lokacin da ya dace su binciki inda kuɗin da ke tura farashi ke fitowa shi ne yanzu da kowa ke murna, domin a 2009 sai da kasuwa ta gama faɗuwa aka buɗe littattafan bankuna.