Zazzaɓin cizon sauro: allurar da ta iso Gaya ƙofa ɗaya take tsarewa

A watan Satumba na 2024 ne Nijar ta ƙaddamar da allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Gaya, jihar Doso. Dalilin a bayyane yake: rahoton hukumar lafiya ta duniya OMS ya ce cutar ta kashe mutum 597,000 a 2023, kuma Nijar ce ta uku a yawan mace-mace, bayan Najeriya da Kwango.

Alluran biyu da OMS ta amince da su, RTS,S a 2021 da R21 a 2023, abu ɗaya suke farauta: wani furotin mai suna CSP da ke lulluɓe da ƙwayar cutar lokacin da sauro ya zuba ta a jiki. Allurar na koya wa jikin yaro ya gane wannan riga, ya kama ƙwayar kafin ta isa hanta. Amma idan ko guda ta tsere, sai ta hayayyafa dubbai, ta fita cikin jini sanye da wasu furotin dabam waɗanda allurar ba ta sani ba. Shi ya sa yaron da aka yi wa allura ke iya kamuwa.

Masu bincike sun daɗe suna neman ƙofa ta biyu, sai dai ƙwayar na yawan sauya furotin da take nunawa. Fatansu yanzu na kan RH5, wanda ƙwayar ba ta iya shiga jajayen ƙwayoyin jini sai da shi, kuma ba ya sauyawa sosai. A gwajin da jami'ar Oxford ta yi a Nanoro, ƙasar Burkina Faso, allurar RH5 ta rage kamuwa da kashi 55 cikin ɗari tsawon wata shida. Gwajin ƙarami ne, kuma ba a amince da allurar ba tukuna.

Kafin nan, abin da ke hannu shi ne haɗa kariya. Bincike a Mali da Burkina ya nuna allura tare da maganin rigakafin damina na rage kamuwa da kimanin kashi 60 cikin ɗari, idan aka kwatanta da ɗayansu kaɗai. Aikin iyaye ke nan: cika allura huɗu, karɓar maganin damina, da kwantar da yara cikin sange.